Ranar da aka ce in mayar da hannuna baya

Lokacin da na fara koyarwa a makarantar yara masu buƙata ta musamman, ajin makafi aka ba ni, ƙanana 'yan shekara bakwai zuwa goma, kuma wallahi a ganina ba wanda ya kai ni son yaran nan. Wanda takalminsa ya ɓace ni ke lalubo masa, mai zuwa bayi in riƙe hannunsa har bakin ƙofa, in an tashi tara ni ke buɗe musu kwanon abinci.

Akwai wani dattijon malami a wajen, shi ma makaho ne, a Gindiri ya yi karatu, makarantar makafin nan ta Jihar Filato da aka buɗe tun 1953. Ashe duk hidimar da nake yana ji. Rannan ya kira ni ya ce, "'Yata, ƙarfe nawa kike tashi?" Na ce ƙarfe biyu Baba. Ya ce, "To daga ƙarfe biyu zuwa wayewar gari wa zai nemo masa takalmin? Gobe in kin shiga aji ki haɗa hannayenki a baya, ki yi aikin da baki."

Raina ya sosu gaskiya, har na yi ƙwalla a hanyar gida. Amma na gwada.

Yaron da na fi shan wuya a kansa shekararsa tara, kuma har lokacin a baki ake ba shi abinci a gida. Da zuba ruwa a kofi muka fara. Za ka rataya ɗan yatsa a bakin kofin ta ciki, kana zubawa a hankali, da ruwan ya taɓa yatsan sai ka tsaya, shikenan fa, amma ranar farko sai da ya jiƙa yunifom ɗinsa sharkaf, yana kuka yana cewa Malama ki zuba min mana, ni kuma ina tsaye hannuna a baya ina matse yatsuna, abin da nake iya cewa kawai shi ne ɗaga butar kaɗan, yauwa, sake. Kusan sati uku muka yi. Ranar da ya cika kofin ko ɗigo bai zuba ba ƙin shan ruwan ya yi, ya riƙe shi yana kiran 'yan ajin su zo su taɓa.

Maɓallin riga kuma daga ƙarshe muke farawa, in saka duka in bar masa na ƙarshe, gobe in bar biyu, don kullum shi ne zai ƙarasa aikin da hannunsa.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne da iyaye. Mahaifiyarsa ta zo ranta a ɓace, "Haba Malama, yaron da Allah ya jarabta shi za ki ce ya wanke kwanonsa? Ai sai dangin uba su ce na gaji da shi." Ban ga laifinta ba ko kaɗan, ƙauna ce da tsoron bakin mutane, irin wadda ni ma na shigo da ita. Na ce Hajiya abu kaɗan nake roƙo, a daina canza wa kaya waje a ɗaki, butarsa da takalminsa su samu mazauni ɗaya, ƙofa kuma ko a rufe ta ruf ko a buɗe ta gaba ɗaya, don wadda aka bari rabi ita ke fasa goshi. A hirar nan ne na gano ƙaninsa ba ya zuwa makaranta sosai saboda an mai da shi ɗan jagora. Wannan ya tsaya min a rai, yara biyu kenan lalura ɗaya ta zaunar.

Sai muka dage da farar sanda. Tana gaba tana share hanya, in ƙafar dama ta taka sandar tana hagu, in ta hagu ce tana dama. Kuɗi ma mun koya, naira 50 ta leda da jin ta ka san ta, su 200 da 500 kuma kowacce da irin ninkin da za a yi mata tun daga gida. Kuma fa ba wai titunanmu sun gyaru bane, an sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci tun Janairun 2019 amma har gobe kwatoci a buɗe suke, 'yan adaidaita kuma ba sa jira. Shi ya sa ba na cewa a saki yaro haka kawai, hanya ɗaya ake bi da shi sau goma sau ashirin, ya san ina dakali yake, ina injin markaɗe ke ƙara, kafin a ja baya.

Wajen ƙarshen zango mahaifiyar ta kira ni a waya muryarta na rawa. Ta aike shi sayen sikari shagon bakin layi shi kaɗai, amma zuciyarta ta kasa, sai ta cire takalmi ta bi shi a baya sannu a hankali don kar ya ji takunta. Bai kai rabin layin ba ya tsaya ya ce, "Umma ki koma gida, ina jin ƙamshin turarenki." Ta ce min ta koma, ta tsaya a soro har ya dawo da sikarin da canjin.