Harsashi ba ya aiki irin na fim

Wallahi finafinai sun ɓata wa mutane fahimta kan harbin bindiga, kuma abin na damuna don rayuka ake asara a kai. A fim za ka ga an harbi mutum ya yi sama ya faɗo can baya, to ai da harsashi na da wannan ƙarfin da shi ma mai harbin sai bindigar ta wurgar da shi. Wani ma ba ya sanin an same shi. Shugaban Amurka Ronald Reagan da aka harba a 1981 ɗauka ya yi haƙarƙarinsa ne ya karye lokacin da aka cusa shi mota, sai a asibiti aka gano harsashi ya shiga huhunsa.

Ɓarnar duk a ciki take. Harsashi na yaga naman da ya ratsa, sannan in mai gudu ne sosai kamar na AK-47 da ke wuce mita 700 a daƙiƙa ɗaya, sai ya bankaɗe naman da ke gefe na ɗan lokaci kafin ya koma, tsoka takan jure don tana miƙewa amma hanta fashewa take yi, in kuma ya daki ƙashi gutsattsarin ƙashin su ma su shiga yanka. A waje kuwa sau da yawa ɗan rami ne kawai za ka gani.

Sai masu cewa "ai a ƙafa ne" ko "a kafaɗa ne, ba komai". Haba! Akwai babbar jijiyar jini a cinya, in ta tsinke cikin 'yan mintuna mutum zai iya cikawa, kafaɗa ma akwai irinta.

Wanda ya fi ɓata min rai shi ne tono harsashi da wuƙa. Likitoci kansu sau da yawa barinsa suke a jiki in ba ya wata illa. Wani shugaban Amurkan, James Garfield, an harbe shi a Yulin 1881, likitoci suka yi ta laluben harsashin da yatsun da ba a wanke ba, ciwon ya ruɓe, a Satumba ya rasu.

Don Allah in ka tarar da wanda aka harba, nemi tsumma mai tsabta ka danne wurin da ƙarfi kar ka ɗaga, in hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa ya ƙi tsayawa a ɗaure tamau ta saman ciwon, a garzaya da shi asibiti ko da yana magana yana cewa lafiyarsa ƙalau.