Seydou Keita, mai hoton Bamako

Jiya da daddare ina taya Hajiyarmu gyaran akwati na ci karo da wani tsohon hotonta baƙi da fari, tana zaune ta ɗora hannu kan rediyo, nace Hajiya ashe kuna da rediyo tun lokacin? tayi dariya tace ai ta mai hoto ce, duk wanda ya shiga sai ya ɗan dafa ta. Nan take Seydou Keita ya faɗo min a rai.

Mutumin Bamako ne a Mali, ɗan kafinta, shima da kafintancin ya fara, sai a 1935 wani kawunsa ya dawo daga Senegal ya bashi ƴar kyamara Kodak Brownie, shikenan hoto ya shiga ransa. A 1948 ya buɗe shagonsa a unguwar Bamako-Coura kusa da gidan yari, kuma yawanci a tsakar gida yake ɗauka da hasken rana, da farko ma zanin gadonsa yake ratayawa a bayan mutum.

Abinda yake burgeni dashi shine yadda ya gane mutane. Ya ajiye kwat, agogo, alƙalami, rediyo, Vespa, har motarsa, wanda bashi da ko ɗaya zai zo ya ara ya fito fes kamar yadda yake so a ganshi, kuma fim da tsada saboda haka sau ɗaya yake dannawa mafi yawan lokuta, sau ɗaya fa, amma ka kalli matan nan da ɗaurin ɗankwalinsu da yadda ya gyara musu zama da hannu, atamfa kan zane mai ado duk ya haɗu bai yi hayaniya ba, wallahi sai kaji kamar sarauniya ce kowacce. Wasu suna cewa ai kayan aro ƙarya ne, ni ban yarda ba, mutunta talaka yayi.

A 1962 gwamnati ta ɗauke shi aikin hoto, ya rufe shagon daga baya, yayi ritaya a 1977. Sai a 1991 aka baje hotunansa a New York aka rubuta wai ba a san mai ɗauka ba, wannan har yau yana min ciwo, alhali mutumin yana raye a gidansa da dubban fim ɗinsa a adane. Wani Bafaranshe André Magnin ne yazo Bamako nema, wani mai hoton Bamako Malick Sidibé yana ganin hotunan yace na Keita ne. A 1994 aka yi masa baje koli nasa shi kaɗai a Paris, a can kuma ya rasu a 2001.

Na juya hoton Hajiya, ba hatimi ba sunan kowa a baya. Na ɗauko biro nace Hajiya faɗa min shekarar da garin, ina rubutawa.