Kafin ka yanke wa tsohon faifai hukunci

Aikina a ɗakin ajiyar faya-fayai na wani gidan rediyo shi ne in saurara, sannan in rubuta wanne ya cancanci a sa wa jama'a, wanne kuma zai ci gaba da kwana a kwaba. Sonatocin fiyano 32 (dogayen kaɗe-kaɗe masu sassa-sassa) na Beethoven, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, su suka fi ba ni aiki, don manyan makaɗa da yawa sun naɗe su, kuma dole ka zaɓi ɗaya.

Wanda ya fara naɗe su duka shi ne Artur Schnabel, a sitidiyon Abbey Road da ke Landan, tsakanin 1932 da 1935. Sabon kunne idan ya ji su, abu biyu yake fara kamawa: shuuu ɗin allurar garmaho, da kuskuren yatsa. Shi ke nan, sai a ce faifan ya tsufa. To a nan na koyi yin haƙuri.

A zamanin, kai tsaye ake yanka sautin a kan faifan kaki, kuma gefe guda ba ya ɗaukar fiye da minti huɗu da 'yan kai. Makaɗi zai tsaya a tsakiyar kiɗa, a canja faifai, ya ɗora daga inda ya tsaya da zafin da ya bari. Ba gyara. In yatsa ya zame, ko dai a sake gefen gaba ɗaya, ko a bar shi haka. Sai da tef ya shigo a ƙarshen shekarun 1940 aka samu damar yanke wuri mara kyau a liƙa mai kyau. Saboda haka wanda ya ɗora faifan 1935 da na 1965 a sikeli ɗaya yana ƙirga kurakurai, almakashin injiniya yake aunawa.

Ɗauki sonata ta 29, wadda ake kira Hammerklavier. Beethoven da kansa ya rubuta saurin da yake so a sashen farko, bugu 138 a minti, saurin da yawancin makaɗa ke kauce wa. Schnabel ya ce sai ya bi umarnin. Yatsunsa sun yi ta tuntuɓe, ba wanda zai musa. Amma ka kai ga sashe na uku, mai tafiyar hawainiya, ka ji yadda yake riƙe jimla mai tsawo ba ta tsinke ba. Ni wannan nake nema yanzu: ya san inda kiɗan ya dosa? (Malamin Schnabel, Leschetizky, almajirin Czerny ne, Czerny kuma almajirin Beethoven. Silsila ba hujja ba ce, amma ba a raina ta.)

Akwai kuma mutum na uku da ake mantawa da shi, wato wanda ya kwafo tsohon faifan zuwa CD. Wani, don ya kashe shuuu ɗin, yakan tace sautin har ya tafi da ƙyallin fiyanon, ya bar maka abu kamar ana kiɗa a cikin randa. Wani kuma bai daidaita juyin faifan ba, alhali ba kowane faifan garmaho ne aka yanka daidai kan juyi 78 a minti ba, sai muryar kiɗan ta ɗan hau ko ta sauka. Don haka ba na rubuta komai a kan makaɗi sai na nemi wani kwafin na gwada. Sau da yawa mai ɗan ƙara shi ya fi rai.

Sabuntar na'ura ma ba ta yanke magana. Wilhelm Kempff ya naɗe sonatocin duka a shekarun 1950 da sauti mai hanya ɗaya, ya sake a 1964 zuwa 1965 da sitiriyo, wato sauti mai hanya biyu, duk a kamfanin Deutsche Grammophon. Na biyun ya fi faɗin sauti. Na farkon nake miƙa wa mai gabatar da shiri idan ya tambaya, don a can hannunsa ya fi sakewa.