Bankwana da ma'aikacin makaranta da ya daɗe: abin da ake shiryawa tun saura wata uku

Ranar ritayar malami ko mai gadi ba ta zuwa ba-zata. Tana nan a fayil ɗinsa tun ranar da ya kama aiki, ko dai shekarun haihuwa su cika ko shekarun aiki. Amma sau da yawa sai saura mako guda ake tunawa, a haɗa taro a gurguje, a yi ta jawabi, kowa ya watse. Malamin da ya yi shekara 35 yana riƙe da aji mai ɗalibai 40, yara 1,400 ne suka bi ta hannunsa. Irin wannan mutum ya fi ƙarfin shirin kwana bakwai.

A fara da takardu tun saura wata uku. Shugaban makaranta ko akawu ya zauna da shi a buɗe fayil shafi-shafi: takardar ɗaukar aiki, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, ta kowane canjin wurin aiki, da shaidar haihuwa. Abubuwan da kan riƙe fansho da garatuti ƙanana ne: suna da aka rubuta iri biyu, ranar haihuwa da ta saɓa tsakanin takardu, ko takardar ƙarin girma ta ƙarshe da ta yi ɓatan dabo. Gyaransu na da sauƙi muddin yana bakin aiki, domin makaranta za ta iya rubuta wasiƙa a madadinsa. Da zarar ya fita, shi kaɗai zai riƙa zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan. A yi kwafi biyu na komai, ɗaya a hannunsa, a kuma ɗauki hoton kowane shafi a adana.

Sai miƙa aiki, kuma a nan ne makarantu suka fi yin asara ba tare da sun sani ba. Wanda ya daɗe a wuri yana ɗauke da ilimin da ba a taɓa rubutawa ba. Mai kula da harabar makaranta ya san inda babban makunnin ruwa yake binne a bayan ɗakin ajiya, ya san makullin da sai an ɗan ɗaga ƙofa sannan yake juyawa. Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje ya san kwalbar da rubutunta ya goge da abin da ke cikinta, da sinadaran da bai kamata a ajiye su kusa da juna ba. Kada a ce masa kawai ya rubuta takardar miƙa aiki, domin abin da mutum ya saba yi shekara 30 ba ya ganinsa a matsayin abin rubutawa. A haɗa shi da magajinsa na mako biyu zuwa huɗu, su zagaya tare, magajin na tambaya yana rubutawa. A ƙirga makullai, a liƙa wa kowanne suna, su biyun su sa hannu.

Akwai tarko guda da ake yawan faɗawa. Idan imel ɗin makaranta ko shafin rajistar jarrabawa yana haɗe da lambar wayarsa ta kansa, lambar tabbatarwa da ake turowa kafin a shiga za ta ci gaba da zuwa wayarsa bayan ya tafi, kuma ranar da ake cikin tsananin buƙata ne za a gane. A canza lambar wayar da kalmar sirri tun yana nan. Haka idan yana cikin masu sa hannu a asusun banki, a fara canjin da wuri, domin yakan ɗauki makonni.

Game da taron kansa, a tambayi mai shi. Taron ba-zata bai dace da wannan rana ba: wani yana son iyalinsa su halarta, wani yana son ya shirya abin da zai faɗa, wani kuma cincirindo na takura shi, zama da abokan aiki 20 ya fi masa zaure cike. A tambaye shi wa za a gayyata, wa yake so ya yi magana. A guji makon jarrabawa da ranar rufe makaranta, lokacin da hankalin kowa ya yi gida. Wasu kan haɗa shi da Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, wadda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke rayawa tun 1994. Ba na goyon bayan haka, domin ranar ta kowa ce, sai mai ritaya ya zama ɗaya daga cikin jerin abubuwan da za a yi.

Mutum huɗu ko biyar sun isa kwamiti, kuma lallai ɗaya ya fito daga ma'aikatan da ba sa koyarwa. Gudummawa ta zama ganin dama, mutum biyu su riƙe lissafi, kada a karanta wa ya ba da nawa, kada kuma a ɗora wa ɗalibai.

Awa ɗaya da rabi ya wadatar. Masu jawabi uku, minti huɗu kowanne: abokin aiki, tsohon ɗalibi, sai shugaban makaranta. A sanar da su mako biyu kafin ranar, a ce kowa ya zo da abu guda takamaimai da ya gani da idonsa. “Mai haƙuri ne, mai ƙwazo ne” ana iya faɗa wa kowa. Amma idan tsohuwar ɗaliba ta tashi ta ce shi ne ya zaunar da ita bayan an tashi, kullum har tsawon zango guda, sai da ta iya raba lissafi, za a ga zauren ya yi tsit. Tarihin aikinsa a buga shi a takardar shirin taro, ba sai an karanta ba. Abin da ke lalata irin wannan taro shi ne a buɗe makirufo ga duk mai son magana. Kafin a zo kan wanda aka taru dominsa, rabin kujeru sun zama wayam. A ware masa minti goma tun zauren na cike, mai gabatarwa ya tsare lokacin. Idan murya ta sarƙe masa, a bar shi ya numfasa, kada a yi saurin karɓe makirufo. Idan za a nuna hotuna, 25 sun isa, daƙiƙa shida kowanne, minti biyu da rabi ke nan. A gwada lasifika da majigi awa guda kafin a fara.

Allon karramawa a ba da aikinsa saura mako uku, a duba rubutun sau biyu da fayil a hannu kafin a zana. Kuskuren harafi a suna ko a shekarar kama aiki zai rataye a bangon ɗakinsa har ƙarshen rayuwa. Kyautar da ta fi daɗewa kuwa ita ce wasiƙun tsofaffin ɗalibai da abokan aiki. A fara tattarawa saura mako shida, shafi ɗaya kowa, a buga su a ɗinke su littafi. Saƙonnin da aka bari a WhatsApp suna tafiya da wayar ranar da ta lalace.

Idan mutum biyu ko uku ne ke ritaya tare, lokacinsu ya zama daidai, allonsu iri ɗaya, a kira su bisa yawan shekarun aiki ba bisa muƙami ba. Wannan ya dame ni ƙwarai. Matar da ta share azuzuwa shekara 30, tana isowa kafin kowa, ba daidai ba ne a ambaci sunanta a jimla guda a ƙarshen jawabi tana tsaye a bakin ƙofa. Kujerarta na gaba, kusa da ta mataimakin shugaba, kuma a samu wanda zai yi magana a kanta ita kaɗai.

Ɗalibai a sanar da su saura mako biyu, musamman ƙananan aji, a gabatar musu da sabon malami tsohon na tsaye. Kada a yi alkawari a bainar jama'a, kamar sa wa wani gini sunansa, sai hukumar makaranta ta amince a rubuce. Kada a cire shi daga zauren sada zumuntar ma'aikata na waya washegari. Daga na harkokin aiki kawai za a cire shi, bayan an gaya masa. A naɗa mutum ɗaya da sunansa ya riƙa bibiyar takardun fanshonsa har kuɗin farko su shigo. Mutumin nan kuma ya kira shi a makon farko na sabon zango, domin a safiyar da aka koma makaranta ne zai farka a lokacin da ya saba, ya ga babu inda za shi.