Na Sa Hannu Ban Ga Shafin Kuɗi Ba

Jiya Talata, bayan azahar, wani matashin malami ya shigo ofishina da kwamfuta a hammata, gumi ya jiƙa bayan rigarsa, sai fara'a yake kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Ɗalibina ne a da. Ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Malam, Allah ya yanke mana wahala. Wata jami'a ce a Turai ta neme ni, za mu nemi tallafin bincike tare. Takardar goyon baya kawai suke so, da tambarin makaranta, da tarihin karatuna. Sun riga sun rubuta komai. Jibi za a rufe."

Na ce, nawa ne kuɗin gaba ɗaya? Ya faɗa, har da lumshe ido. Na ce, to nawa ne naku a ciki? Ya sosa ƙeya. Wai ba su turo wannan shafin ba tukuna, amma ai mutanen kirki ne.

Sun riga sun rubuta komai. Wallahi haka na faɗa wa uwargidana a 2014, ina tsaye tsakar gida da takarda a hannu, ita tana tankaɗe.

Ku bar ni in fara da kare kaina, tunda ba wanda zai kare ni. Yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya ci fiye da wata biyar, aka janye shi a Disamba, kowa ya koma aiki da bashi a wuya. Ɗakin gwaje-gwajenmu ba abin da ke aiki a ciki sai fanka, ita ma in an kawo wuta. Ana cikin haka sai ga imel daga wata farfesa a Turai, ta ce ta karanta 'yar muƙalar da na rubuta kan adana albasa a rudu. Wanda bai san rudu ba, rumfa ce ta kara da itace da ake ɗagawa daga ƙasa, a zuba albasa, a lulluɓe da ciyawa. Manomin Goronyo ko Wurno ko Kware, nan jihar Sakkwato, yana cire albasarsa daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ta cika kasuwa ba ta da daraja. In ya iya riƙe ta har ƙarshen shekara, kuɗinta ya ninka sau da yawa. Tsakanin nan da can kuwa akwai zafin Afrilu da ke haura digiri 40, akwai laimar damina, ga ruɓa ga tsiro. Duk arzikin mai albasa yana rataye a wannan tsakanin. Shekara da shekaru ina son auna abin da ke faruwa a cikin rudu, ba ni da ko ma'aunin kirki. Yau ga wadda ta ce za ta kawo na'urori. Ku gaya mini, waye zai tsaya tambaya?

To amma ya kamata in tsaya. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba a yaudare ni ba. Matar nan sau biyu tana tambayata ko ina da gyara a kan kasafin kuɗin da yarjejeniyar. Sau biyu ina amsa mata da cewa komai ya yi. Shafukan kimiyya na karanta su har da jan layi, shafukan kuɗi da na lauyoyi kuwa na tsallake su kamar yadda ake tsallake kwata. Kunya ce ta hana ni, kada a ce malamin nan son kuɗi ya yi masa yawa. Da tsoro kuma, kada in cika tambaya su tattara su koma Kano ko Zariya. An rene mu da cewa baƙon da ya zo maka da alheri ba ka ƙirga kuɗinsa a gabansa. Ita kuwa a wurinsu, wanda bai yi ciniki a kan kasafi ba, ana ɗauka abin ya ishe shi ne.

Rabonmu a kuɗin bai kai ɗaya bisa goma ba, kuma ni da hannuna na rubuta shi da naira, don akantanmu ya ce hakan ya fi sauƙin lissafi. Lokacin dala tana wajen naira 160. A Yunin 2016 aka saki naira, cikin yini guda ta faɗa wajen 280, farkon 2017 kuma a kasuwar bayan fage ta doshi 500. Kuɗin mai da na mota da na batir duk suka tashi, rabonmu yana nan inda na ajiye shi. Ba su ci mini ko sisi ba. Abin da na rubuta suka biya.

Wanda ya fi wannan zafi shi ne sharaɗin biya. Ashe an rubuta cewa mu fara kashewa daga aljihunmu, mu tura rasit, sannan a mayar mana. Jami'ar da ke da asusun ajiya mai kauri ba ta jin wannan sharaɗi a jikinta. Ni kuwa asusuna shi ne albashi da adashin ma'aikata. Na ci bashin ƙungiya, na sayar da raguna biyu da uwargida ke kiwo don layya, da alkawarin wata uku. Sannan rasit. Ina ɗan kabu-kabun da ya kai ka daga bakin titi zuwa fadama zai samo rasit? Mai kwale-kwale fa? Yaran da suka taya ka ɗaga buhu? Na tuna daren da na zauna da wani ɗan littafin rasit da na saya a kasuwa, biro shuɗi da baƙi a gabana, ina niyyar sauya rubutu daga shafi zuwa shafi. Kuɗin kuwa na kashe su da gaske, ko kwabo ban ƙara ba. Na rubuta guda huɗu, na tsaya ina kallonsu, na yayyage. Kada ku yaba mini, ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da tsoron masu binciken kuɗi. Wannan kuɗin dai ya tafi kenan, ragunan ma sai bayan shekara biyu na mayar, kuma har yau in an yi saɓani a gida sai sun fito a magana.

Da kuɗin farko ya iso kuma, sai ya tarar da sabon tsarin asusun bai ɗaya na gwamnatin tarayya, TSA, wanda aka tilasta a 2015, kuɗin makarantu duk aka kwashe zuwa Babban Banki. Watanni muna bin takarda daga wannan ofis zuwa wancan. Albasa ba ta san da TSA ba. Aka cire ta, aka zuba a rudu, ta ruɓe wadda za ta ruɓe, mu ba mu auna ba. Kaka guda ta wuce mu a banza. Sai a 2024 aka sanar da cire kuɗin bincike na masu tallafi daga wannan asusu, lokacin ni gemuna ya gama fari.

Kada in yi butulci. Na hau jirgi, na ga ɗakin gwaji na gaske, na koyi abin da ban sani ba. Alawus ɗin mako biyu da na ƙi ci, ina rayuwa a kan burodi da garin kwaki da na ƙunsa daga gida, shi ya yi wa ɗakunana biyu rufin kwano a Mabera. Duk damina in ruwa na dukan kwanon nan ina kwance ba ɗigo, sai in ce anya kuskure na yi kuwa? Ɗalibai biyu sun yi digiri na biyu a kan aikin. Da babu gara ba daɗi.

Sai dai na'urorin da muka rataya a cikin rudu, masu auna zafi da laima, duk abin da suka tara can yake tafiya. Nawa shi ne in sauke, in tura, ban ma ajiye kwafi mai tsari ba, don yarjejeniya ta ce bayanan mallakar jagoran bincike ne, jagora kuwa ba ni ba ne. Da muƙalar ta fito a babbar mujalla, na nemi sunana a sama ban gani ba. Na same shi a ƙasa, wurin godiya, tare da na direba, an ma rubuta shi ba daidai ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na yi fushi na wata shida. Daga baya na zauna na tambayi kaina: da aka turo daftarin muƙalar, me na ƙara a ciki? Ban ƙara komai ba. Na ce ta yi kyau. Lokacin ina fama da takardun jarrabawa ɗari huɗu, gaskiya ne, amma wannan uzuri ne, ba hujja ba.

Ba wannan ne ke hana ni barci ba. Wani dattijo ne a wani ƙauye kusa da madatsar ruwan Goronyo, wanda ya ba mu rudunsa kyauta, yana kuma ba mu fura duk zuwa. Ranar da na je kwance na'urar ƙarshe, ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wagga na'ura taku shekara ukku tana kwana cikin albasata. Mi tac ce?" Na yi dariya, na ce za mu dawo da bayani. A kasafin nan babu ko layi ɗaya na komawa wurin manoma, don ba wanda ya saka, kuma ni kaɗai ne a cikinmu na san hanyar garin. Ban koma ba. Na ji ya rasu.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, ku matasan malamai. Da na duba, yawancinsu surutu ne.

Ka nemi shafin kuɗi. In an hana ka, kada ka sa hannu. Ka rubuta rabonka da kuɗin mai bayarwa, ba da naira ba. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ba sai an yi masa wa'azi ba. Ka nemi a ba da wani kaso kafin a fara aiki. Maganar suna a muƙala da mallakar bayanai a gama ta a rubuce tun ana dariya, don ranar rabo ba a dariya.

Ka kuma san daga wace rijiya ruwan yake fitowa. Irin wannan tallafi kashi biyu ne. Akwai wanda kowace ƙasa ke biyan masu bincikenta, a nan kana da baki, amma sai ƙasarka ta zuba nata. Tun taron Legas na 1980 shugabannin Afirka ke alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don kimiyya, mu har yau ba mu kusa ba, abin da muke da shi sai ɗan asusun bincike na TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu. Akwai kuma wanda ƙasa ɗaya ke biyan komai daga kuɗin agajinta, shi kuwa ransa yana hannun 'yan siyasar can. Birtaniya ta ware fam biliyan 1.5 ga GCRF, shirinta na tallafin bincike kan matsalolin ƙasashe masu tasowa, aka yi ta murna. A Nuwamban 2020 ta sanar da rage kuɗin agaji daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na arzikin ƙasa, a Maris 2021 hukumar bincikenta, UKRI, ta sanar da giɓin fam miliyan 120, aka datse ayyuka suna tsakiyar tafiya. A Janairun 2025 Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, daga baya hukumar agajinta, USAID, ita kanta ta rushe. Wanda ke can yana da albashinsa. Kai ne za ka kalli idon yaran da ka ɗauka aiki da mai garin da ka yi wa alkawari.

Amma ku ɗin ma, ku yi haƙuri, kuna ba ni haushi. Mu jahilci ya ci mu, ba mu da intanet na kirki, ba mu da wanda ya riga mu. Ku komai na cikin wayarku, amma shafi goma ya gagare ku karantawa. Mutum ya sa ChatGPT ya rubuta masa buƙatar bincike a kan gero, bai taɓa kwana a gona ba. Tambayar farko da kuke yi ita ce akwai tafiya? Rabinku ba bincike kuke nema ba, biza kuke nema. Na san ni ma alawus ya ja ni, kada wani ya tuna mini. Amma ni ko ba komai na san warin ruɓaɓɓiyar albasa.

Kuma me ya sa in an ce haɗin gwiwar ƙasashe biyu sai idonku ya tafi Turai? Daga Illela ka taka ƙafa kana Ƙonni, a Nijar. Albasarsu, jar akuyarsu, zafinsu, harshensu, duk namu ne, ga jami'o'i a Yamai da Maraɗi. Ban taɓa rubuta wa kowa a can ko wasiƙa ɗaya ba, sai da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 na fara jin ciwon abin. Ko da yake, in faɗi gaskiya, su ma ba kuɗin gare su ba, talaka biyu in sun haɗu sai hira.

Na ce kada ka sa hannu in ba ka ga shafin kuɗi ba. To, ban sani ba. Wanda ba a taɓa damawa da shi ba, ba a kiransa babban aiki, kuma ƙofar farko kusan kullum ƙarama ce, sai an sunkuya. Haɗin gwiwa da baƙi yana yin rana: shekarun aiki a asibitin yara masu cutar noma, mai cin naman baki da fuska, da ke nan Sakkwato na cikin abin da ya ƙarfafa Najeriya ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka cutar a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a Disamban 2023. Don haka in na farko ne, wataƙila ka karɓa ko da an rage maka mudu. Ka dai san an rage. Ni ban sani ba sai da aka kai ni gida aka juye.

Yaron nan dai na sa shi ya zauna a kujerata, ya rubuta musu imel a gabana, layi huɗu: a turo kasafi, a faɗi wa ke da bayanan, a saka kuɗin komawa wurin manoma. Yatsansa ya daɗe a kan maɓallin kafin ya danna. Ya ce, "Malam, in suka fasa fa?" Na ce in sun fasa ka zo ka zage ni. Takardar goyon bayan kuwa na riga na sa mata hannu, tana cikin durowata, a kan wata tsohuwar na'urar auna laima da batirinta ya mutu tun 2017. Yau Laraba, la'asar ta yi, sau uku yana leƙowa ta taga yana girgiza kai.