Abin da na koya a sitidiyo game da masu sakin albam kyauta

Ƙarshen watan nan zan bar sitidiyon da na daɗe ina haɗa kiɗa a cikinsa a nan Katsina. Kafin in tafi ina so in yi magana a kan yaran da ke sakin albam kyauta, domin su ne aka fi cuta a wannan harka.

Kowa a cikinmu ya san inda kuɗi yake: waƙar biki da waƙar siyasa. Albam ba ya kawo ko sisi. Kasuwar faifai ta mutu tuntuni. Yau ka saki waƙa, gobe tana hannun masu turawa a kasuwa suna zuba ta a memori, jibi ta zaga gari ta Xender. Shi ya sa da yawa suka haƙura, su ɗora a Audiomack, su watsa a WhatsApp, burinsu a ji su kawai.

Akwai wani direban Keke Napep da ke zuwa mana bayan isha'i, in ya kai wa mai keke balas. Zai shigo rigarsa na warin fetur, ya zaro 'yar takardar da ya rubuta baitoci a kai yana jiran fasinja a Ƙofar Ƙaura. Waƙoƙinsa duk a kan aikinsa suke: balas, kuɗin tikiti, layin gidan mai, da wahalar ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin da fasinja zai ce ya tura amma kuɗi su ƙi shiga. Maigida, mai sitidiyon, ya yarda mu riƙa ɗaukar muryarsa da dare, shi kuma yana biya kaɗan-kaɗan har da kuɗin man janareta. Bai taɓa tafiya da bashi ba.

Waƙarsa mafi kyau, kiɗanta daga hannunsa ya fito. Yana rerawa yana buga gefen kujera, na bi bugun na ɗora kalangu a kai.

Ana cikin zafin kamfe yaran wani ɗan takara suka zo neman waƙa cikin gaggawa. Maigida ya buɗe kwamfuta, ya cire muryar direban nan, ya sa wani mawaƙi ya hau kiɗan. Kafin mako ya zagayo yana tashi a motocin kamfe. Na same shi na ce, "Maigida, kiɗan nan fa na yaron nan ne, ya biya." Ko kallona bai yi ba ya ce, "Kwamfutar wa? Fiyanon wa? Kai ma albashi nake ba ka." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Albam ɗin direban bai fita ba sai bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da lita ta haura naira 500, kuma direbobi suka karɓe shi hannu bibbiyu. Amma waccan waƙar, cewa aka riƙa yi ya saci kiɗan 'yan siyasa. A cikin kekensa fasinja suka faɗi haka, ba su san shi ne mai waƙar ba. Da ya zo yana ba ni labari muryarsa rawa take yi. Wallahi har yau abin na cina, kuma har yau Maigida bai kira shi ya ba shi haƙuri ba.

Ga masu tasowa: duk ranar da aka ɗauke ka, ka tafi da aikinka a filas, kiɗa daban, murya daban. A yi magana gaban shaidu ko da waƙar kyauta za ta fita. Mu masu haɗawa kuma mu gwada sauti a ƙaramar waya da sifikar keke, don nan za a saurare shi, mu rage nauyinsa saboda data.

Ni dai na gyara ɗaki a gidanmu, zan fara da abin da nake da shi. Albam ɗinsa na biyu can za mu yi.