"Ai haka jarumina zai yi"

Ƙannena da kuka fara zama a tebur kuna wasan nan na labari, inda kowa ke buga jarumin da ya ƙirƙira cikin tawaga ɗaya, ana jefa dayis irin na ludo don a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu, akwai maganar da za ku ji ko ba jima ko ba daɗe, in ma ba daga bakinku za ta fito ba: "Ni ba ruwana, ai haka jarumina zai yi." Ba a faɗinta sai an riga an yi ɓarna. Ko an sace kuɗin tawaga, ko an daɓa wa sarkin da ake lallashi wuƙa ana tsaka da magana, ko an cinna wa masauki wuta don kawai a ga abin da zai faru. Na daɗe ina faɗinta, kuma da gaske na ɗauka hujja ce.

Jarumin nan fa bai faɗo daga sama ba. Kai ka zauna da fensir ka cika takardar bayanansa, kai ka zaɓi ya zama mai dogon hannu, kai ka rubuta cewa bai yarda da kowa ba. A duk lokacin da ya tsaya gaban zaɓi, akwai abubuwa da dama da irinsa zai iya yi ba tare da ya saɓa halinsa ba, kuma kai ke ɗaukar ɗaya daga ciki. In kullum wanda ke ɓata wa sauran mutane dare kake ɗauka, to ba jarumin ke da matsala ba.

Rigimar tsohuwa ce. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons, kuma shekara ɗaya bayan haka, a 1975, ƙarin ƙa'idoji mai suna Greyhawk ya shigo da ɓarawo da kuma barde mai rantsuwar tsare gaskiya a lokaci guda. Ɗaya sana'arsa yankan aljihu, ɗayan kuma dokarsa ta hana shi abota da mugaye, sai ga su cikin tawaga ɗaya. Tun daga nan tebura ke fama da su biyun.

Nawa ɓarawon na yi shi ne da alfahari. Duk lokacin da aka buɗe akwatin dukiya ni ke fara isa, sai in rubuta 'yar takarda in ninke in tura wa jagoran wasa, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, ta gefen tebur: na soke lu'ulu'u biyu a takalmi kafin su iso. Yana karantawa, ya ce in jefa dayis mai fuska ashirin, in jefa, ya gyaɗa kai. Sauran suna kallo, sun san wani abu ya faru, amma jarumansu ba su gani ba, don haka ba su da bakin magana. Wannan shirun nasu ni a lokacin daɗi yake min. Rannan abin da na zare shi ne kwalbar maganin rauni daga jakar abokina mai buga mayaƙi. Can cikin kogo aka kayar da shi, ya ce zai sha maganinsa, jagora ya ce babu komai a jakar. Jarumin da ya yi watanni yana rainonsa ya mutu a nan. Bai yi faɗa ba. Ya ninke takardar jarumin gida huɗu ya sa a aljihu, ya jira aka tashi. Abin da ya ce min daga baya shi ne ba mutuwar ta dame shi ba, don an saba mutuwa a wasan nan. Abin da ya ƙona masa rai shi ne ya gano cewa tun tuni ni wani wasa nake yi dabam, a kansa, shi kuma bai sani ba.

Kada ku ɗauka ina cewa kowa ya buga mutumin kirki. Tawagar da kowa ke cewa "to" ba ta da armashi, kuma mafi daɗin zaman da na taɓa yi su ne waɗanda jarumai biyu suka sa juna a gaba kan ko a kashe fursuna ko a sake shi. Abin da ya raba wannan da abin da na yi wa abokina shi ne sani da yarda. Ku dubi Paranoia, wasan da ya fito a 1984: kowane ɗan wasa maci amana ne, yana cikin wata ƙungiyar asiri, kuma ana sa ran ya tona asirin na kusa da shi. Mutane na harbin juna ana ta dariya, saboda kowa ya zauna ne da sanin haka, kuma kowa na da kwafin jaruminsa har shida, in aka kashe ɗaya na gaba ya shigo. Mutumin da ya zo yin tafiya mai tsawo da abokai bai sa hannu a kan irin wannan ba.

Saboda haka ku daina tura takarda a ɓoye. In jaruminka zai yi sata, faɗa a fili kowa ya ji: "Ina so ɓarawona ya ɗauke zoben nan, naku jaruman ba su gani ba, kun yarda?" Za ka yi mamakin yadda mutane ke son shiga cikin abin idan an gayyace su. Wanda za a yi wa satar shi zai fara ba da shawarar yadda asirin zai tonu nan gaba, da irin fushin da jaruminsa zai yi. Tebura da yawa suna da ƙa'ida mai sauƙi, kuma ni yanzu ba na zama inda babu ita: idan jarumi ya kai wa ɗan'uwansa hari ko ya yi masa sata, ba dayis ke yanke hukunci ba, wanda aka nufa shi ke faɗin ko abin ya yiwu. Kuma in ka tayar da rigima, ka shirya faɗuwa. A kama ɓarawonka, a kunyata shi, ya biya. Masu buga fitinannen jarumi da kyau duk suna jin daɗin ganin ya sha kashi.

Tun wajen ƙirƙira ma, ka ba shi dalilin zama da waɗannan mutane, da dalilin da zai sa su ci gaba da haƙuri da shi. Ya cuci duniya in ya ga dama, amma mai warkarwar tawaga ta taɓa ceton ransa, ko kuwa bashi ya yi masa katutu kuma su kaɗai ke iya kare shi. Ana tattauna irin wannan a zaman farko da ake yi kafin a fara labari, inda ake faɗin abin da aka yarda da shi da abin da ba a so a gani. Akwai kuma katin da John Stavropoulos ya ƙirƙiro, mai alamar X, wanda kowa zai iya taɓawa a tsallake abin da ya dame shi ba sai ya yi bayani ba. Wasu na ganin abin ya yi yawa. Ni dai ban taɓa ganin ya ɓata zama ba.

Da na koma kujerar jagora sai na sake yin wani kuskuren ta ɗaya gefen. Wani yaro a teburina ya riƙa kashe duk mutumin gari da na kawo, ni kuma maimakon in yi masa magana sai na turo masa dogarai, ya kashe su, na turo waɗanda suka fi su ƙarfi. Dare guda ya tafi a kan shi kaɗai, sauran suna danna waya. Ashe ladan da yake nema na ba shi. Da na ja shi gefe bayan an tashi, sai ya ce shi gundura yake yi idan an daɗe ana surutu, faɗa ya zo yi. Magana ta 'yan mintoci ta gyara abin da dogarai suka kasa. Wani lokacin kuma abin ya fi haka zurfi: mutum biyu suna da jiƙaƙƙiya a waje, sai su shigo da ita ta bakin jarumai. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. In kun lura da haka ku ajiye dayis, ku kira hutu, a yi maganar da sunayen gaskiya.

Idan kuma an yi duk wannan, ka duba ka ga jarumin naka ba zai taɓa zama lafiya da tawagar ba, kada ka tilasta. Miƙa wa jagora takardarsa ya mayar da shi abokin gaba, kai ka ɗauko sabuwa ka cika. Tawaga za ta samu mugun da ta san shi ciki da waje, wanda ya san inda kowa ke ɓoye kuɗinsa, kuma kai ma kana cikin masu farautarsa.